Marsandin da Malam Ya Bari

  Bari in fara da wata tambaya, ki ba kanki amsa tsakaninki da Allah. Motar nan da ke ajiye a gidanku, wadda take kai ki asibiti, take kai yara makaranta, kin taɓa buɗe bonet ɗinta kin leƙa? Idan amsarki a'a ce kada ki ji kunya, domin ni ma shekara 12 na yi ina shiga motar gidanmu ban san ko ta ina ake buɗe shi ba. Sai da rana ta ɓaci mini a kan titin Zariya, ga marayu uku tare da ni, sannan na gane irin asarar da rashin sanin nan yake jawowa. Labarin da zan ba ki ke nan a wannan wata.

Motar tamu Marsandi ce, 230E, ƙirar 1990, irin wadda ake ce wa Bi-but saboda murfin but ɗinta ya sauko tsakanin fitilun baya kamar harafin V. Kamfanin Mercedes-Benz na ƙasar Jamus ya fara fitar da irinta a ƙarshen 1984, ya ci gaba da ƙera mai ƙofa huɗu har zuwa 1995, kuma a takardunsu W124 suke kiranta. A zamaninta motar manya ce. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya sayo ta daga Kwatano a 2004, tana da shekara 14 a duniya, bayan ta gama yi wa wani Bature aiki. Ranar da ya shigo da ita layinmu a nan Kano har yara suka bi ta da gudu. Ni kuwa abin da ya dame ni da ita bai wuce sanyin esi da laushin kujera ba.

Malam yana da wata ɗabi'a. Duk ranar Asabar bayan karin kumallo zai ɗauki tsumma, ya ɗaga bonet har ya miƙe tsaye cak, ya duba nan ya taɓa can, sannan ya rubuta wani abu a ɗan ƙaramin littafi. Na sha yi masa tsiya ina cewa kishiya ya yi mini daga Jamus. Shi kuma ya sha ƙwala mini kira, “Zo ki ga wani abu mana.” Amsata kullum ɗaya ce: ina da aiki a kicin.

A 2016 Allah Ya yi masa rasuwa. Na shiga takaba, aka rufe motar da tamfol, ta yi wata bakwai babu wanda ya tayar da ita. Da aka zo rabon gado aka yi mata kuɗi, ta faɗo cikin kasona da na yara. Ƙanin Malam ya same ni ya ce, “Yaya, ki sayar da motar nan. Marsandi ba motar mace ba ce, kuma tsohuwa ce, za ta cinye miki ɗan abin da aka bar wa yaran nan.” Ba da mugunta ya faɗa ba, tausayi ne. Na yarda aka kira dillalai, amma kuɗin da suka taya ba zai sayi ko rabin wata ƙaramar mota mai lafiya ba. Ga ni malamar makaranta, yara uku a makarantu biyu, idan na lissafa kuɗin adaidaita sahu na safe da yamma sai kaina ya ɗau zafi. Tuƙi dai na iya, Malam ya koya mini. Na ce a bar mini ita.

Shekarar “a canza”

Ki sani 'yar uwa, ajiyar mota ba hutu ba ne a gare ta. Da aka yaye tamfol batir ya mutu, fetur ɗin da ke tanki ya lalace, tayoyi sun kwanta. Aka gyara waɗannan ta tashi, amma sai ta tsiri wani sabon hali. Da safe sai an yi ta murza makulli kafin ta kama, idan na tsaya a danja ta riƙa karkarwa kamar mai jin sanyi, wata fitila mai rubutun ABS kuma ta riƙa kunna kanta a gabana.

Na kai ta wani gareji da ke kusa da mu. Makaniken ya ce fulogi ne, na ce a canza. Ba ta daina ba. Ya ce famfon mai ne, na ce a canza. Ba ta daina ba. Ya ce ai injektan irin waɗannan motoci ba ya jin magana, gara a cire shi gaba ɗaya a ɗora mata kafireto. Wannan kam rashin kuɗi ne ya cece ni, ba wayo ba. Wata rana kuma ya ga allurar zafi ta ɗan haura 80, sai ya zaro wani ɗan ƙarfe mai kama da murfin kwalba daga hanyar ruwan inji ya jefar, ya ce sunansa tamostat, na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma buƙatarsa. Na yi masa godiya har da ƙarin na goro. Idan ruwan mota ya ragu kuwa, babban ɗana ya ɗebo na rijiya a buta ya ƙara.

Ba zan ce mutumin nan macuci ba ne. Motocin Japan ya saba da su, kuma ya samu mai mota wadda ba ta tambayar komai. Duk abin da ya faɗa, kalma biyu ce amsata: a canza.

A watan Afrilun 2017, ana tsakiyar zafin bazara, muka kama hanyar Zariya bikin 'yar yayata. Mun wuce Kwanar Ɗangora ke nan 'yata ta tsakiya ta ce, “Umma, ina jin wani wari.” Na dubi gabana na ga allurar zafi ta wuce 100 tana neman 120, inda jan layi yake. Wallahi na gan ta da idona. Amma sai na ce a raina ai saura kaɗan, bari mu ƙarasa a duba ta a can. Ban ƙara minti goma ba motar ta rasa ƙarfi, tururi ya turnuƙe gabanmu, na samu na gangara gefen titi da kyar.

Kafin in fito babban ɗana, lokacin yana ɗan shekara 15, ya ɗaga bonet ya kai hannu zai buɗe murfin ruwa. Wani direban babbar mota da ke hutawa a gindin bishiya ya daka masa tsawa, “Kai yaro! Kar ka taɓa!” Ya taso ya janye shi. Shi ya fara gaya mini cewa ruwan cikin inji a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan tukunya, da yaron ya buɗe da fuskarsa ta saɓule. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Ba mu je bikin ba. Bayan la'asar janwe ya jawo mu Kano, yara sun yi jugum, auta ta yi kuka har ta yi barci.

Littafin Malam

A daren nan na yanke shawara zan sayar da ita ko nawa aka taya. Da safe na shiga kwashe tarkacenmu, sai na ci karo da ɗan littafin Malam a akwatin gaban mota, ƙarƙashin takardu. Na zauna a kujerar direba na karanta shi daga farko har ƙarshe. Kowane layi abu huɗu ne: kwanan wata, kilomitar da mota ta ci, abin da aka yi mata, da kuɗin da aka kashe. Shekara 12 babu inda aka rubuta janwe. Kuɗaɗen ƙanana ne, amma a kai a kai. Da na haɗa lissafi sai na ga abin da na kashe a 'yan watannin nan ya fi abin da ya kashe a shekara uku. A wani shafi na 2014 kuma na ga ya rubuta: sabon tamostat, mai digiri 87. Wato abin da ya sa kuɗinsa ya saya, shi na tsaya ina kallo aka jefa a bola har ina godiya. Nan na kifa kaina a sitiyari na yi kuka mai isata.

A bangon littafin akwai kwatancen garejin wani dattijo da ba ya taɓa kowace mota sai Marsandi. Na sa aka ja ta zuwa can. Yana ganin motar ya gane ta, ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce, “Hajiya, zan gyara, amma da sharaɗi. Ki samu kujera ki zauna ki ga abin da nake yi.” Na ce, “Baba, ni me na sani a kan inji?” Ya ce, “Shi ya sa za ki zauna.”

Gaskit ɗin kan inji ya ƙone, shi kansa kan injin, da yake na alminiyam ne, zafi ya ɗan lanƙwasa shi, sai da aka kai shi aka goge fuskarsa ta daidaita. Aikin ya cinye kuɗin makarantar yara na zango na uku da na tara, na ƙara da ɗan kunnena na gwal. Duk wannan saboda minti goman da na ƙi tsayawa.

Baba ya ɗauko sabon tamostat ya nuna mini. Ya ce a irin wannan inji ƙofa biyu yake tsarewa. Idan inji da sanyi, yakan rufe hanyar lagireto ya bar ruwa yana zagaya wata gajeriyar hanya a cikin inji don ya yi saurin ɗumi. Da zafi ya kai digiri 87 sai ya buɗe hanyar lagireto, ya kuma toshe gajeriyar. Idan aka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe ke nan, ruwa da yawa ya riƙa bi ta nan bai je ya sha iska ba. Ya ce, “Ruwa ma kamar mutum ne Hajiya, yanke yake so.” Ashe allurar da ta ɗan haura 80, wadda ta sa aka cire shi, a daidai wurin zamanta take. Ya kuma nuna mini cikin lagireton, ya yi fari fat da dasashi kamar gindin tsohuwar butar shayi. Aikin ruwan rijiya ke nan. Tun daga ranar ba a ƙara zuba mata komai ba sai ruwan sanyaya inji na galan, a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, domin shi yana hana tsatsa.

Batun wahalar tashi da safe kuwa, bai kai minti ashirin ba ya gano shi. Ya cire wani murfin roba a bayan batir, ya zaro wani ɗan akwatin lantarki da suke kira rile, mai fiyus a kansa. Aikinsa shi ne kare ƙwaƙwalwar injin da ta birki daga wutar da ta yi yawa. Idan ya tsufa, dalmar cikinsa takan tsage, sai ki ga alamu ukun nan tare: wahalar tashi da sanyi, karkarwa a tsaye, da fitilar ABS. Kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na famfon man da aka sa na saya ba. Injektan da aka so a cire kuwa, na kamfanin Bosch ne, yana nan yana aiki har yau.

Daga wannan zama na fito da tambayoyi uku da ba na barin gareji sai na yi su. Me ya nuna maka cewa wannan ne ya lalace? Idan aka canza shi matsalar ba ta tafi ba, yaya za mu yi? Ina tsohon da ka cire? Makanike na ƙwarai ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, daɗi ma yake ji. Wanda ya ɓata rai kuwa, ya riga ya ba ki amsa.

Asabar ɗina

Yanzu ni ce nake fitowa da tsumma ranar Asabar, tun kafin a tayar da mota, kuma abin ba ya wuce minti goma sha biyar. Nakan fara da duba ƙasa inda ta kwana. Ɗigon baƙi, baƙin mai ne. Ja, man giya ne. Mai launin kore ko shuɗi, ruwan sanyaya inji ne. Farin ruwa tas bayan an kunna esi ba komai ba ne. Amma idan kika ga wani mai fari-fari yana naso ta cikin taya, kada motar ta motsa, man birki ne.

Daga nan in zaro sandar auna baƙin mai, in goge, in mayar, in sake zarowa. Dole man ya tsaya tsakanin alamomi biyun. Idan kika ga ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga cikinsa, ki nemi makanike a ranar. Sai in duba tankin ruwa, da na man birki, da fanbel ko ya fara tsagewa, in matsa manyan tiyo na roba in ji ko sun yi laushi ko sun bushe, in zagaya tayoyi har da safaya. Man giya shi kaɗai ne ake aunawa mota tana kunne, bayan ta yi tafiya ta ɗumama, a wuri mai daidai. Ja ya kamata ya kasance. Idan ya yi duhu yana ƙauri, lokacin canji ya wuce.

Juye nake yi duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, tare da sabuwar matatar mai, injin kuma wajen lita 5 yake sha. Matatar iska nakan sa a duba ta sosai lokacin hunturu saboda ƙura. Man birki duk shekara biyu ake zubar da shi a sa sabo, domin yana tsotsar danshi. Ina kuma rubuta komai a littafi, layi huɗu, kamar yadda na gada.

A kan hanya kuwa allurai biyu ne idona ba ya barinsu. Ta zafi, wadda kika riga kika ji labarinta. Sai ta ƙarfin baƙin mai, mai lamba 0 zuwa 3. Idan mota ta yi zafi tana tsaye takan sauko ƙasa, wannan ba laifi, amma da kin taka totur dole ta haye 3 nan take. Idan ta ƙi, ki kashe mota, in ba haka ba inji zai buga.

Idan ta ƙi tashi

Kafin ki ɗaga waya 'yar uwa, ki kashe rediyo ki saurara, domin abin da kika ji shi za ki gaya wa makanike. Idan kin murza makulli kika ji ƙyas-ƙyas kawai, fitilun gabanki suka dushe, matsalar wuta ce. Ki duba kan batir, sau da yawa ya kwance ne ko ya yi farin gari. Idan kuwa injin yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, ki mayar da makulli baya, ki sake murza shi zuwa inda fitilu ke kamawa, ki kasa kunne ta bayan mota. Famfon mai yakan yi ɗan gurnani na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan shiru, a fara duba rilensa, wanda shi ma yana bayan batir, kafin a ce miki famfo ya mutu.

Idan gilashi ya ƙi sauka, ko sigina ta ɗauke, ko hon ya yi shiru, ki buɗe akwatin fiyus da ke ƙarƙashin bonet ta ɓangaren direba. Fiyus ɗin irin na da ne, dogaye masu tsini biyu, kuma bakinsu yakan yi tsatsa ko da ba su ƙone ba. Sau da yawa ɗan jujjuya su a mazauninsu ya isa. Ni na sa an canza su duka da masu jan ƙarfe, na huta. Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne a ɗaura waya a madadin fiyus. Haka motoci suke kamawa da wuta.

Wata rana fitilar batir ta kama ina tafe. Da a da ne, da sabuwar altaneta zan saya. Ashe a bayanta akwai wani ɗan abu da ake kwancewa da noti biyu, mai ɗauke da burushin gawayi guda biyu, su ne suka cinye. Shi kaɗai aka canza. Haka lokacin da giya ta fara shiga da duka kamar an bangaje mu ta baya. Na tsorata na ɗauka giyabos ya tafi, ashe wani siririn tiyo ne na iska da ke zuwa giyar daga inji ya tsage. Makullan ƙofofinta ma da iska suke aiki, daga wani ɗan famfo da ke ƙarƙashin kujerar baya, don haka idan suka ƙi rufuwa tare, tiyo ake fara bi.

Akwai ƙara guda ɗaya da ba a yi mata sai gobe. Idan kika ji ƙugi ko ƙwas-ƙwas a ƙafar gaba lokacin da kike juya sitiyari ko kika faɗa rami, ki sa a ɗaga motar a duba boljoyin na ƙasa. A irin wannan mota nauyin gaba yana kansa, idan ya tsinke taya kwanciya take yi ana cikin tafiya. Kin sha ganin irin haka a bakin titi.

Sayen kaya

Kayan gyaranta ba su yi wuya ba tukuna. Ana samu a Ƙofar Ruwa a nan Kano, da Fanteka a Kaduna, abin da ya gagara a aiko da shi daga Ladipo a Legas. Amma kada ki aika a ce “na Bi-but” kawai, domin Bi-but iri-iri ce, akwai mai silinda huɗu, akwai mai shida, akwai mai shan gas. Ki kwafi lambar jikin motar daga takardunta, haruffa da lambobi 17 ne, tawa ta fara da WDB124023. Da ita, da tsohon abin da aka cire, ake zuwa kasuwa.

Ƙa'idata ita ce, duk abin ƙarfe ko na jiki, kamar ƙofa, fitila, madubi ko kik, 'yan Beljiyam sun wadatar, sau da yawa ma sun fi sabon da ba a san asalinsa ba. Amma duk abin roba, da na birki, da boljoyin, da tamostat, da matata, sabo nake saya na kamfanin da aka sani, ko da zan jira albashi. Robar da ta shekara 30 a wata motar ba za ta zama yarinya don an ɗaura ta a tawa ba. Araha kuma, kin sani, ba ta ado.

Gaskiyar magana

Kada ki karanta wannan ki ce na ce kowa ta je ta sayi tsohuwar Marsandi. Tana da nauyi kuma tana shan mai. Tankinta lita 70 ne, a lissafina kuma lita ɗaya ba ta wuce kilomita 8 a cikin gari. Da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashi ya kusa ninkawa sau uku cikin 'yan kwanaki, sai da na sake zama da alƙalami. Na rage fita, na riƙa haɗa saƙonni uku a tafiya ɗaya, unguwa ta kusa kuma ƙafata ta kai ni. Sannan ba ta da irin kariyar motocin yanzu, tawa ko jakar iska ba ta da ita, shi ya sa ba na tayar da ita sai kowa ya ɗaura bel, har na baya.

Abin da ya riƙe ni shi ne asusu. Duk wata ina ware mata wani abu kamar zubin adashe, ko ta lalace ko ba ta lalace ba, don ranar gyara kada ta taɓa kuɗin cefane ko na makaranta. Na kuma ɗaukar wa kaina alkawari: ranar da tsatsa ta ci ƙashin jikinta, ko inji da giyabos suka nemi kuɗi a lokaci guda, ko asusun ya kasa ɗaukar nauyinta wata shida a jere, zan sallame ta ba tare da na yi wa kowa kuka ba. Mota ce, ba uwa ba ce.

Idan kuma ke ce mai niyyar saye, ki je da makanikenki, ba na mai sayarwa ba, kuma ki je da sassafe a tayar da ita a gabanki tun tana da sanyi. A leƙa ƙarƙashinta, musamman inda ake kafa jak. Idan ƙirar wajen 1993 zuwa 1995 ce, a duba wayoyin kan inji da kyau, domin rigar wayoyin na waɗannan shekaru takan bushe ta riƙa marmashewa saboda zafi.

Littafin Malam ya cika tuni, ina kan na biyu. Tun bayan gyaran Baba ba a sake jan motar nan ba. A 2022 ƙanin Malam, wanda ya ce in sayar, ya zo da kansa ya ce, “Yaya, a ba mu aron Marsandi a ɗauko amarya.” Na miƙa masa makulli na ce ya kula mini da allurar zafi. 'Yata da ta ji wari a ranar nan ita ce mai tuƙa ni yanzu, kuma wata safiya da motar ta yi mata ƙyas-ƙyas, ina daga ɗaki na ji ta ɗauko sifana ta ɗaure kan batir, ta tayar ta tafi ba ta ko kira ni ba.

Abin da ke ci mini rai har yau guda ɗaya ne. Duk abin da na koya da kuka, da kuɗin makarantar yara, da ɗan kunnena, a tsakar gidana yake kyauta kowace Asabar, mai shi yana kirana ina cewa ina da aiki a kicin. Don haka 'yar uwa, idan maigidanki yana raye, Asabar mai zuwa ki sauke tukunya ki fita ki ce ya nuna miki inda ake buɗe bonet, da sandar auna mai, da murfin da ba a taɓawa da zafi. Ki tafi da yaran, mata da maza. Idan kuwa ke ce a matsayina, ki sayi ɗan littafi gobe ki rubuta layin farko.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.